Tokar Malama Rakiya a Kan Burtali

Duk wanda ya yi maƙwabtaka da Malama Rakiya a Tudun Wadar Gusau ya san ba ta zubar da tokar murhunta. Da ta idar da sallar asuba ta gama lazimi, sai ta kwashe tokar jiya, ta tankaɗe ta da rariya kamar garin tuwo, ta tsince gawayin, ta juye mai laushin a wani tsohon buhun shinkafa da ke jingine bayan ƙyauren kicin. Matan gidan sun daɗe da daina tambaya. Ƙarfe bakwai da rabi tana bakin titi tana tsayar da keke, jaka a kafaɗa, tabarau rataye da zare a wuya, ta nufi ofishin Barista Abdulƙadir, inda ta shekara talatin da ɗaya tana buga takardu. Ta fara da keken rubutu mai ƙarar nan, wanda in ka yi kuskure ɗaya sai ka sake shafin gaba ɗaya, ta ƙare da kwamfuta. Ba lauya ba ce. Ba ta taɓa sa baƙar riga ba, ba ta taɓa tsayawa gaban alƙali ba. A takardar ɗaukarta aiki, mai buga takardu aka rubuta, shi ke nan.

Ƙarshen watan jiya ta ajiye aiki, don idanu sun gaji, gwiwoyi ma sun fara ƙorafi. Aka sha lemo a ofis, aka yi addu'a, kowa ya kama gabansa. Ni kuwa na koma gida raina bai kwanta ba, don na ga an sallami mutuniyar da ta fi ƙarfin kwalbar lemo. Sunana Isma'ila, mutumin ƙasar Bungudu ne ni, sana'ata kuma nemo wa kamfanonin waya filin da za su kafa ƙarfen sabis. Bari in faɗi gaskiya tun da wuri: na yi shekara da shekaru ba na son ganin wannan baiwar Allah. In na shiga ofis na same ta zaune, na san aikin kwana biyu ya koma na mako biyu.

Ga yadda abin yake. In kamfani zai kafa ƙarfe a gonar mutum, sai a rubuta yarjejeniya da Turanci, shafi goma sha biyar, wani lokaci ashirin. Mu kuwa mutanen karkara yarjejeniyarmu a baki take. A taru a ƙofar mai unguwa, a ce wane ya ba da wuri daga wancan dutse zuwa waccan bishiya, shaidu su ji, a shafa fatiha. Takarda a wurinmu cikon aiki ce, a dangwala yatsa a shafin ƙarshe a tashi. Ba mai waiwayar shafi na biyu. To, a shafi na biyun nan ake zayyana abin da manyan kalmomin takardar ke nufi. A nan za a ce, duk inda aka ambaci kayan sadarwa, ga abubuwan da ke ciki. Manomi in ya ji kayan sadarwa, dogon ƙarfe mai jar fitila a kai yake hangowa. Takarda kuwa tana nufin ƙarfen, da ɗakin inji, da janareta da tankin mansa, da wayar da za a binne, da ramin da za a binne ta, da hanyar da mota za ta riƙa bi, da shingen da zai kewaye su, a duk inda taswirar da ke liƙe a baya ta nuna. Ba ɓoyewa aka yi ba, a rubuce yake ɓaro-ɓaro. Karantawa ce ba a yi, in ma an karanta, kunne ne ya ji, ido bai ga komai ba.

Barista ne ya ba ni labarin asalin tokar. Shekarun da sabis ya fara shiga ƙauyuka, Malama Rakiya ta buga wa wani dattijo daga ƙasar Tsafe irin wannan takarda. Aka fassara masa ita tsaf da Hausa, ya ce ya ji ya yarda. Bayan wata huɗu sai ga shi ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi zama. An sare tsamiyar da mahaifinsa ya dasa, saboda hanyar mota ta nan ta bi. Barista ya buɗe shafi na biyu ya nuna masa. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya dubi Malama Rakiya ya ce, "Ɗiyata, kun karanta mani, amma ba ku gwada mani ba." Ya juya ya tafi.

Barista ya ce ranar ko ruwa ba ta sha ba, sai kallon yatsunta take yi, tana cewa su ne suka buga kalmar. Washegari ta zo da ƙullin toka a jaka. Ta ce daga yau duk takardar fili da ta fito daga kekenta, sai ta je ta zana ta a ƙasa, mai fili ya gani da idonsa kafin ya dangwala yatsa. Barista ya ce mata wannan ba aikinta ba ne, ba kuma wanda zai gode mata. Ta ce ta sani. Daga ranar ta kama, kuma mutanen Mada har yau suna ba da labarin yadda tokarta ta kewaye rijiyar wata tsohuwa Lantana, aka ga rijiyar za ta faɗa cikin shingen kamfani, aka matsar da ƙarfen gabas kafin a sa hannu. A wajen Magami rumbuna uku ne suka tsira. Waɗannan ji na yi. Wanda zan ba ku yanzu a gabana aka yi shi, kuma ni ne mai laifin.

Ƙauyen da na tashi yana bayan Nahuce, ba sai na faɗi sunansa ba. Kawu Garba, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Ƙauyen ba sabis. In mutum zai yi waya sai ya hau wani babban suri da ke bayan masallaci, ya ɗaga wayar sama yana juyi, ko Allah zai sa. Mu 'yan Zamfara kuwa ba sai an gaya mana darajar sabis ba, tun shekarar da aka rufe shi muka gane kurenmu. Mace na naƙuda ba a iya kiran mota, labarin a yi hattara ba ya isowa sai bayan abin ya wuce. Saboda haka ranar da na zo da albishir cewa wani kamfani ya yarda ya kafa ƙarfe a gonar Kawu, sai da mata suka yi guɗa. Na zama ɗan gaban goshi. Tsofaffin da a da ke aike na sayen goro suka koma ce mani Alhaji, alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba.

Sharaɗi ɗaya kamfanin ya gindaya. Ma'aikatansu suna yankin har zuwa Juma'a, in ba a sa hannu ba za su wuce wani gari. Ranar Litinin na kai takardar ofishin Barista don ya duba ya buga hatimi. Ina addu'a a raina Allah ya sa Malama Rakiya ta tafi biki. Ina! Tana nan zaune daram.

Ta ɗora tabarau, ta tsallake shafin farko, ta karanta na biyu da yatsa, sannan ta juya can baya wajen taswira. Ta daɗe tana kallo.

"Isma'ila, wannan siririn layin da ya taso daga ƙarfe ya nufi kwalta fa?"

"Hanyar waya ce, Malama. Ta ƙarƙashin ƙasa za ta bi."

"To madalla. Shingen da aka rubuta a nan, shi ma ta ƙarƙashin ƙasar zai bi?"

Na fara kame-kame. Ta ce, "Ka taka layin nan da ƙafarka?"

"Haba Malama, a gonar nan fa na girma."

"Ban tambaye ka inda ka girma ba."

Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah, na ce mutane na jira, rayuka ne a ciki. Ko gezau. Na shiga wurin Barista na kai ƙara. Ya ɗaga hannuwa biyu ya ce, "Isma'ila, shekara kusan talatin ina biyan matar nan albashi, ban taɓa cin ta a wannan maganar ba. Ka nemi mota kawai." Na fito raina a ɓace, ina gunaguni har bakin titi.

Ranar Laraba muka kama hanya da sassafe. Kowa ya san yadda hanyoyinmu suke, direba na tuƙi yana waige-waige, fasinjoji kowa bakinsa na motsi. Ita kuwa tana zaune da buhun toka a cinya kamar wadda za ta kai wa 'yarta gara. Daga bakin kwalta muka hau kabu-kabu. Bazara ce, rana kamar ta sauko ƙasa, an gama sharar gona ana jiran ruwan farko. Muka tarar da jama'a sun taru a gonar Kawu, tare da injiniyan kamfanin, wani mai ladabi da ake kira Nura, yana ta duba agogo.

Da suka ga dattijuwa ta sauko da buhun toka, sai dariya ta tashi. Wani ya ce, "Isma'ila, boka ka kawo muna ko lauya?" Kawu ya gaishe ta da girmamawa, sannan ya ce, "Hajiya, ai mun gama magana da ɗana. Wuri ne ga shi nan, daga wanga marke zuwa wancan dutse. Mi za ki gwada muna kuma?"

Ta ce, "Baba, ku yi haƙuri da ni sa'a guda. In na gama ba ku ga komai ba, ku dangwala, ni da kaina zan miƙa muku tawada."

Ta ɗaure gyale a ƙugu, ta ce Nura ya riƙe taswira da tef ɗin awo ya riƙa nuna mata kusurwa. Ta damƙi toka ta fara barbaɗawa tana tafiya da baya. Kafin wani lokaci ga murabba'i fari fat a ƙasa, daga marke zuwa dutse. Jama'a suka gyaɗa kai, suka ce shi ne, haka aka ce.

Ta miƙe ta dafa ƙugu ta ce, "Wannan shi ne abin da kuka sani. Saura abin da takarda ta sani."

Sai ta buɗe shafi na biyu. Ta kira abu ɗaya da Hausa, ta zana shi. Ga ɗakin inji. Ga mazaunin tanki. Da ta zo kan waya da hanyar mota da shingensu, Nura ya nuna kudu, wajen kwalta. Ta ja layi biyu, tsakaninsu kamar taki bakwai, ta miƙa da su cikin gona tana sunkuye, mu kuma muna biye da ita kamar masu rakiyar amarya. Gumi na ɗiga daga haɓarta yana huda tokar. Masu dariya suka fara raguwa, don ba wanda ya zaci wurin zai yi wannan tsawo. Muka yi tafiyar da ta kai taki ɗari uku. Sai na ga ta tsaya, ta dubi ƙasa. Ƙasar wurin ba irin ta gona ba ce, ta daddage ta yi tauri, ga busasshen kashin shanu, ga sawun kofato a kan sawun kofato. Ta ƙarasa jan layukanta biyu suka ratsa wurin suka fita ɗaya gefen.

Wallahi a lokacin ne na gane wurin. Burtali ne. Hanyar da shanun rugar Arɗo Halliru ke bi kullum zuwa mashaya a rafi. Na bi ta sau dubu ina yaro, amma da na ga taswira ko sau ɗaya ba ta faɗo mani a rai ba, don a taswirar ba ta nan.

Ta ce, "Baba, wannan wurin na wane ne?"

Kawu ya ce, "In ga takarda ne, nawa ne. Ubana ya bar ma uban Arɗo shi, tun ban yi wayo ba, don shanu su samu hanyar ruwa su bar muna gonaki. Gaban mai unguwa anka yi, anka shafa fatiha. Ba a rubuta komi ba."

Nura ya matso da taswirarsa, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Wallahi Mama, daga hoton sama muka zana, hoton kuma na rani ne. Fili kawai ake gani." Ta ce masa ta sani, ba wanda ya ce ya yi da gangan. Wani daga cikin jama'a ya ce ai abu ne mai sauƙi, shanu su kewaya. Wasu suka ce haka ne, kada a tsaya ɓata lokaci, kamfani zai tafi. Ban ɓoye muku ba, har da muryata a ciki.

Malama Rakiya ba ta yi musu da kowa ba. Ta tambayi lokacin da shanu ke saukowa. Aka ce gab da azahar. Ta ninke buhunta ta zauna a kai, a tsakiyar rana, ta ce za ta jira. Ta jira kuwa. Da aka hango ƙura ta taso daga wajen ruga, sai ta miƙe ta ce, "Maza ashirin nake so. Ku jeru a kan tokar nan, kafaɗa da kafaɗa. Yau ku ne shingen."

Muka jeru, wasu na 'yar dariya. Garken ya iso, farare ƙal, ƙahonni a sama. Ta gaba ta zo ta tsaya, ta shinshina, ta dube mu. Na baya suka turo. Ba wanda ya kore su, ba wanda ya ɗaga sanda. Kawai sai garken ya tsage biyu, rabi ya zuba cikin gonar Kawu, rabi ya kwarara cikin gonar maƙwabcinsa, suna tattake kunyoyin da aka gyara, suna neman inda shingen ya ƙare su kewaya.

Ta ɗaga murya ta ce, "Yau bazara ce, ƙasa suka taka. Kowa ya mayar da abin nan watan da dawa ta fitar da kai."

A wannan ƙasa tamu ba yaron da bai san abin da ke biyo bayan shanu sun kwana a cikin dawa ba. Mun ga garuruwan da abin ya fara da kara goma ya ƙare da makabarta.

Ba mu gama haɗiye wannan ba sai ga Arɗo Halliru ya ɓullo daga bayan garken da mutanensa uku. Ku dubi abin da idonsa ya gani: mazan gari ashirin sun jeru sun tare burtalin ubansa, shanunsa kuma sun watse cikin gonaki. Ya tsaya cik. Na ga hannun mutanensa ya sauka daga kafaɗa, sandunan suka dawo gaba. A layinmu ma na ji wani ya sunkuya ya ɗauki hoge. Cikin ƙiftawar ido, mutanen da suka shekara hamsin suna cin kasuwa ɗaya suka tsaya suna auna juna.

Ita kaɗai ta taka. Dattijuwa, gyale a ƙugu, hannu fari fat da toka, takarda a ɗaya hannun, ta ratsa tsakanin shanu ta nufe shi kai tsaye. Ta rusuna ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta tambayi dabbobi, ba gaggawa, sai da ya amsa duka. Sannan ta ce, "Arɗo, ni na jera su, ba su suka jera kansu ba. Mutane ne yau, in na ce su matsa za su matsa. Wanda ke cikin takardar nan na ƙarfe ne, ba ya jin magana. Shi ya sa na so ku gan shi ku duka tun yana toka."

Ta juyo ta yi mana hannu, muka watse daga kan layin. Shanu suka dawo hanyarsu da kansu. Arɗo ya zo ya tsuguna, ya taɓa tokar da yatsa, ya bi ta da ido har kwalta. Ya ɗaga kai ya ce, "Garba, da saninka?"

Kawu ya cire hula ya ce, "Wallahi Halliru ban sani ba. Jibi da na dangwala, da na saida alkawalin ubana ban san na saida ba." Ya juyo ya dube ni. Bai zage ni ba, kuma na so a ce ya zage ni. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, ba ni dangwalawa."

Abin bai zo da sauƙi ba, kada ku zaci an tafa an tashi. Nura, Allah ya saka masa, sai da ya hau surin bayan masallaci kafin ya samu manyansa a waya, yana ɗaga hannu sama yana juyi kamar kowa. Suka ce takardarsu iri ɗaya ce a ko'ina, ba a taɓa ta. Juma'a ta zo, ma'aikata suka kwashe kayansu suka wuce wani gari. Mutanen da suka kira ni Alhaji suka daina amsa gaisuwata. Aka ce matar birni ta zo ta kore mana sabis da tokarta. Maganar ta koma kunnenta, ta ce ba komai, su faɗa, suna da rai ne shi ya sa suke faɗa. Kwana goma sha tara ana kai da kawo tsakanin Barista da lauyan kamfanin, ita ce ke buga kowace wasiƙa, ita ce kuma ta sa Nura ya ɗauki hoton tokar da sawun shanu ya aika musu. A kwana na ashirin suka sauko.

Ina tsaye a bayanta ranar da ta buga sabon layin a shafi na biyu. Na haddace shi. Cewa ya yi kayan sadarwa ba za su haɗa da shinge ko gini ko wani abin da zai tare hanya a kan burtali ba, waya za ta ratsa ta ƙarƙashinsa, a zurfafa ramin a rufe da kankare. A sabuwar taswira kuma aka zana burtalin aka rubuta sunansa. Na ce to Malama, yanzu sai a kai a dangwala. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ka nemi mota." Ta sake komawa, ta sake zana komai daga marke har kwalta, wannan karon da giɓi a tsakiya. Sai da shanu suka wuce ta giɓin a gaban kowa sannan ta miƙa wa Kawu tawada. Ta ce Arɗo ma ya dangwala a matsayin shaida. Ya daɗe yana kallon babban yatsansa, sannan ya ce, "Tun da anka haife ni, yau ne hanyar shanuna ta shiga takarda."

Malama Rakiya, ke ce kika ƙi yarda a ce an karanta wa mutum alhali bai gani ba. Ke ce kika ɗauki Turancin da lauyoyi ke taƙama da shi, kika sauke shi ƙasa, kika sa manomi ya taka shi da ƙafarsa. Ba ki da digiri, ba ki da hatimi, sunanki ba ya cikin ko ɗaya daga cikin takardun da kika gyara. Rakiya mai toka, gwanar shafi na biyu! Na ga masu ilimi, na ga masu ƙarfin hali, amma ban taɓa ganin wanda ya hango jini a cikin siririn layin taswira ba sai ke. Har yau in na tuna yadda kika ratsa tsakanin shanun nan, tsigar jikina tashi take yi. Na yi miki gunaguni, na kai ƙararki, na yi fatan ki tafi biki. Ki yafe mani.

Bayan walimar lemon nan na je gidanta in yi mata ban gajiya. Na same ta a tsakar gida da rariya a hannu, tana tankaɗe toka. Na ce, "Malama, ai kin huta, ta mece ce kuma?" Ta ce hannu ne ya saba. Sai ta tura buhun gabana da ƙafa ta ce, "Ɗauki. Kai ne kullum cikin gonakin mutane." Yana nan a bayan mashin ɗina yanzu. An riga an fara yi mani dariya a wajen Tsafe, an ce dillalin ƙarfe ya koma boka. Su yi ta yi.

Ku masu buga takardu a ofisoshin lauyoyi, da ku injiniyoyi, da 'yan uwana dillalai, da masu unguwanni da ake shafa fatiha a ƙofarku, ba na ce kowa ya nemi buhu ba. Amma kafin ku miƙa wa bawan Allah tawada, ku buɗe masa shafi na biyu, ku fita da shi rana, ku gwada masa inda kowace kalma za ta sauka a ƙasarsa. Toka ba ta da tsada, kowane gida akwai ta.

Da kaka na je ƙauye. Ƙarfe na tsaye, fitilarsa na ƙiftawa, ba mai hawa suri kuma sai awaki. Dawa ta yi tsawo hagu da dama, ta rufe mutum. Gab da azahar shanu suka sauko, suka bi ta kan kankaren ɗaya bayan ɗaya suka wuce rafi, ko kallonsu ba wanda ya yi. Tokar kuwa ruwan farko ya wanke ta tun shekara uku. Kawu Garba da Arɗo Halliru suna zaune a tabarma ɗaya a gindin marke suna gardamar kwanan wata. Da zan tafi Kawu ya kira ni ya ce, "In ka tahi Gusau ka gai da Hajiya. Ka ce mata damina ukku, ko kara guda saniya ba ta karya ba."

Na isar da saƙon, Malama, ga shi kuma na sake isarwa a gaban jama'a. A cikin mutum ashirin da kika jera a kan tokar nan, da huɗun da suka tsaya a gabansu da sanduna, ba wanda muka binne. Mun gode. Allah ya ƙara wa idanunki haske, ya sa ki gama lafiya.